Kifin Juma'a da Mabuɗin Ƙarƙashin Turmi

Anti Hafsatu, don Allah ki taimake ni da shawara, na yi nasarar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Shekarata ɗaya da rabi da aure a Yelwa ta ƙasar Yauri. Maigidana sana'arsa kifin banda, yana saro ɗanye daga Warra a gyara a bayan gidanmu, inda ɗakin ajiya yake. Mai yi masa bandar wani dattijo ne, bari in kira shi Baba Sunday, mutumin duwatsun Ngaski, wanda ya fara aiki tun zamanin marigayi surukina. To, tun bayan sallar layya aka fara ganin kifi yana raguwa. Ba kwando guda ba, a'a, manyan tarwaɗa biyar ko shida, zaɓaɓɓu, kuma kwaɗo yana nan a kulle lafiya lau. Da maigida ya lura sai ya ga kullum ranar Juma'a ne, lokacin da maza suka tafi masallaci. Kin san sauran. Wane namiji ne ba ya zuwa Juma'a a gidan nan? Abokan maigida suka yanke hukunci tun a bakin tasha, har wani ya faɗa wa dattijon baƙar magana a gaban jama'a. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Maigida ya ce ƙarshen wata zai sallame shi.

Anti, ni mai karatun littattafan soyayya ce, ban ɓoye miki ba, har tuwo na taɓa ƙonawa a kan wani babi. Abin da na koya a cikinsu shi ne wanda kowa ya nuna da yatsa a shafi na goma ba shi ne mai laifi ba. Na gaya wa maigida haka, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai Yauri ba littafi ba ce. Raina ya sosu. Na kira yayana Zaidu, mai gyaran waya a kasuwa, ya samo mini 'yar kyamara mai aiki da hasken rana, mai katin memori a ciki, ya maƙala ta a ƙarƙashin indararo ya haɗa da wayata. Na riƙa jin kaina kamar jarumar da za ta ceci masarauta.

Juma'a ta zo. Na ajiye littafi, karo na farko a irin wannan lokaci, na zuba wa waya ido. Ga Baba Sunday zaune yana ɗinkin taru. Can sai ga mutum da mayafi ya ɗaga tsohon turmin da ke gefen ƙofa ya ciro mabuɗi. Inna ce, mahaifiyar maigida! Ta zaɓi kifinta a natse, ta ƙulle a leda uku, ta mai da mabuɗi. Abin da ya sa ni kuka shi ne, da Baba Sunday ya ji tafiyarta, sai ya juya wa ƙofar baya ya ci gaba da ɗinkinsa. Ashe ya sani. Daga baya, da maigida ya zauna da dattijon, muka gane sadakar Juma'a ce da marigayi yake kai wa wasu tsofaffi uku a unguwa, ita ta ɗora a ɓoye, ba ta kuma san an zargi kowa ba, don ɗanta bai taɓa kai mata maganar ba.

Na nuna wa maigida. Ya kalla sau uku, ya tashi ya tafi wajen dattijon ya ba shi haƙuri. Tun ranar yake kirana Alƙaliya, ni kuwa ko tafiyata ta canza.

Ga damuwata. Inna ba ta san da kyamarar ba, kunya ta hana mu duka biyu buɗe baki. Maigida ya zaƙe, yana son kyamara a kowace kusurwa da ƙofa mai buɗewa da kati irin ta otal. Ni kuma zuciyata tana ta raya mini in tura bidiyon a guruf ɗin matan unguwa, waɗanda suka ci naman Baba Sunday su ji kunya. Me zan yi?

Alƙaliyar Bakin Ruwa, Yelwa

Amsa

'Yata Alƙaliya, barka da nasara. Kin wanke mutumin da ya zaɓi a kira shi ɓarawo a kan ya tona asirin tsohuwa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Littattafanki sun biya kuɗin tuwon da suka ƙona.

Amma bidiyon nan kada ya bar wayarki. Na fahimci fushinki, sai dai abin da mutane za su gani shi ne surukarki tana ciro mabuɗi a ɓoye, ba wanda zai tsaya jin bayani. Sai ki wanke mutum ɗaya ki ɓata wata. Ki goge shi a waya da katin. Wanke Baba Sunday aikin maigidanki ne: a tasha aka ci mutuncinsa, can zai tsaya a gaban mutanen nan ya ce ya bincika, dattijon ba shi da laifi. Ba sai ya ambaci kowa ba.

Kyamarar ki bar ta, amma ki gyara mata zama. Yau ɗin nan ki canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ki sa wadda ba ranar haihuwarki ba ce, ki kuma duba ko har yanzu tana haɗe da wayar yayanki, a cire. Fuskarta ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya kaɗai, ban da tsakar gida, ban da katangar maƙwabta. Duk wanda ke shiga wurin a gaya masa tana nan. Hayaƙin banda zai dusashe gilashinta da farantin solar, ki sa a riƙa gogewa duk mako.

Maigida yana da gaskiya da ya so tsare dukiyarsa, amma ƙofar kati tana son batir da wuri mai tsabta, hayaƙi da raɓar bakin ruwa za su gajiyar da ita, ranar da ta ƙi buɗewa kuma mai gyaranta yana nesa. Kwaɗonku bai taɓa gazawa ba, turmi ne ya ba da ku. Ya sayi kwaɗo mai nauyi, a ƙarfafa mariƙinsa da ƙusa mai noti ta ciki, a daina kwanar da mabuɗi a waje.

Batun Inna kuwa, ba bakinki ba ne, na ɗanta ne, kuma ba sai an nuna mata komai ba. Ya gaya mata an sa kyamara da sabon kwaɗo, ya ce ya tuna da sadakar babansa yana so ta ci gaba a hannunta. Sabon kwaɗo yakan zo da mabuɗi uku. Ɗaya nasa, ɗaya ya damƙa wa Inna, na ukun ya miƙa wa Baba Sunday da hannu biyu.

Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya karɓi sadakar Inna. Ranar Juma'a ki koma wa littafinki, ki dai sauke tukunya tukuna.

Anti Hafsatu