Makuba a Kan Siminti

Ƙarfi, ta Malumfashi,
Jihar Kaduna.
9 ga Disamba, 1979.

Zuwa ga Yayana Sanda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi da fatan alheri, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ladidi da yara. Allah ya kare ku daga sharrin wannan babban ruwa na Fatakwal da muke jin labari, ya sa albarka a cikin nemanku, amin. Mu nan gida kowa lafiya sai godiyar Allah. Dawa ta shiga rumbu, masara ma ba laifi, auduga kuwa muna kan cira, ta gonar bakin rafi ta fi ta bara kyau. Ƙanwarmu Barakatu ta yaye yaronta, ya yi rigimar kwana biyu ya haƙura. Jan sanmu ya yi ɗingishi, an duba ƙaya ce, ya warke.

Bayan haka Yaya, simintin da ka aiko direba ya sauke mana lafiya, Allah ya saka da alheri. Ka san yadda daɓen simintin tsakar gida ya koma tun bayan rasuwar Baba. Ya dare ta ko'ina, ciyawa ta fito a tsagogin, cinnaku sun yi gari a ciki, in an shanya barkono rabi a ramuka yake ƙarewa. Wajen bakin rijiya kuwa ya zaizaye har tsakuwa ta fito, nan ne Inna ta yi tuntuɓen da na faɗa maka. Na je Funtuwa na ɗauko Ayinde birkila, ɗan Alhaji Adekunle mai shagon kwanuka. Haihuwar Funtuwa ne, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Da ya zo bai yi gaggawa ba. Ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma yana saurare, inda ya ji amo kamar ganga ya ce a fasa, inda ya ji tauri ya ce a bari. Muka tone saiwar dalbejiyar da ta ɗaga gefe ɗaya, muka sassare fuskar tsohon daɓen don sabo ya sami abin kamawa, muka wanke tas, ya zuba ruwan siminti tsararo, sannan ya shimfiɗa kwaɓi ya karkata shi zuwa rariya. Rabin tsakar gida ya yi a ranar. Da azahar ya tafi, ya ce kada ko kaza ta taka. Ni kuma na gaya wa mutanen gida haka, na wuce gona.

Abin da ban sani ba, ashe tun ranar da siminti ya iso Inna ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan na daɓe, a tsohuwar randa bayan ɗaki, ta kuma aika wa matan unguwa gayya. Ka fi ni sanin ko wace ce Inna a wajen daɓe. A da babu ɗakin amaryar da za a daɓe daga nan har Tsiga ba a zo an tafi da ita ba, ita ke ba da waƙa, ita ke cewa ƙasa ta daɓu ko da saura. A wurinta namiji kawo marmara ne nasa ya baza, mata ne ke gama aiki. To ga namiji ya baza ya tafi. Ina dawowa da la'asar tun daga nesa na jiyo waƙa da guɗa, na ɗauka ko haihuwa aka yi a maƙwabta. Ina shiga na tarar da iyayenmu mata sun gama, sun zauna suna cin dambu, madaɓai jingine da bango, siminti ya sha duka ya sha makuba ya yi jawur. Inna na tsakiyarsu, ɗankwali ya zame, gumi har wuya, tana dariya irin wadda ban gani ba tun Baba na da rai. Gwaggo Hansai, aminiyarta, har tana yi mani tsiya, wai in je in faɗa wa Bayaraben nan ya bar aiki rabi da rabi mata sun rufa masa asiri. Wallahi Yaya, sai sannu da aiki kawai na yi masu.

Kwana biyu simintin bai kama ba. In ka sa yatsa sai ya nutse, inda rana ta buga kuma ya ɓamɓare kamar ƙanzo. Da Ayinde ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya tsuguna ya murza a hannu ya sunsuna, ya ce siminti ba ya shiri da duk wani abu mai zaƙi-zaƙi ko bauri, kuma in ya fara barci ba a tashinsa da duka. Bai ɗaga murya ba. Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma Maitama mai shayi ya ji, ya mai da abin hira a bakin tasha, wai a gidanmu siminti ma sai an yi masa miya yake ci. Ka san magana zarar bunu ce. Kafin magariba ta dawo kunnen Inna.

Tun daga ranar ta daina zama a waje. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Na shiga gaishe ta na ga ta ƙulle kayanta a zane ta ajiye bayan gado, ta ce Tsiga za ta tafi wurin Kawu Jibo kafin labari ya kai gare ka. Ta ce yaro yana can cikin ruwa da sauro yana wahala ya aiko da abin arziki, ita da furfurarta ta tara mata an yi waƙa an lalata. Ta ce abu ɗaya ta iya a duniya, shi ma yanzu ya zama ɓarna, to zaman me take yi a gidan. Na ba ta haƙuri, Barakatu ta ba ta, Gwaggo Hansai ta zo ta ce ai tare suka yi, in tafiya ce sai a nemo babbar mota a kwashe su duka. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ayinde ne ya ɗan sassauto da ita, Allah ya yi masa albarka. Ya duba ya ce fuskar ce kawai ta mutu, muka kankare ta da shebur muka sake wankewa, ya sake shimfiɗawa. Sai dai simintin da ya rage bai kai ƙofar ɗakin Inna da wajen murhu ba. Da ya gama ya wanke hannu, ya je ƙofarta ya cire hula ya durƙusa yadda suke yi wa iyayensu. Ya ce mata Mama, shi bai zo ba da haƙuri ba, aiki ya kawo. Ya ce abin da ya kashe tsohon daɓen ƙishirwa ce, waɗanda suka yi shi ba su shayar da shi ba, kuma wannan ma in ba a ba shi ruwa safe da yamma har mako ya zagayo ba, haka zai dare. Ya ce samari ba su da wannan haƙurin, ya nuna ni, wai ni da ya bar wa gadi ga abin da ya tarar. Sannan ya ce wurin da siminti bai kai ba shi ba ya iya masa, sai dai a kawo marmara ita ta daɓe shi irin na da, don shi ma a ɗakin uwarsa daɓen makuba ne, matan Hausawa suka yi mata, har yau ta hana shi sa masa siminti saboda daɓen makuba ba ya sanyi a ƙafa. Inna daga ciki ta ce ita dai ta san bakin Bayarabe da zaƙi, shi ya sa kasuwa ba ta ƙin su. Ya yi dariya ya tafi.

Washegari da na fito alwala na tarar da ita da ƙwarya tana yayyafa ruwa da hannu, a hankali, kamar mai shayar da ɗan akuya. Yanzu ta lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, ta kafa kujera a gefe da ƙaramar sanda, kaza ko yaro babu mai giftawa. Ni kaina jiya ta kore ni. Simintin ya kama, ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa ta gefe sai ka ji shi ɗaya. Marmara kuma na kawo jaki biyu na zube mata a ƙofa. Ta kalla, ta sa ƙafa ta taɓa, ta ce da yashi a ciki, amma ba ta ce a kwashe ba.

To Yaya, ga dalilin takardar. Ƙullin kayan nan yana nan bayan gado ba ta kwance ba, kuma na san maganarka take jira. Ina roƙonka don Allah ka ba da amsa da wuri. Kada ka ce ba komai za ka sake aiko da wani simintin, wannan zai fi faɗa yi mata ciwo. Ka yi mata sannu da aiki kawai, ka ce ka ji ita ke kula da daɓen, ka ce in ka zo da Babbar Salla a ƙofar ɗakinta za ka zauna, a kan wanda ta daɓe da hannunta. Kuma ka rubuta yadda zan karanta mata daga farko har ƙarshe ba tsallake, don bakina take kallo in ina karatu, ko kalma ɗaya na haɗiye sai ta gane.

Ka gaishe da Yaya Ladidi da kyau, da Manu da ƙannensa, da maƙwabcinka Ikechukwu da ya taɓa rako ka gida. Barakatu da mijinta suna gaishe ku, Gwaggo Hansai ma, ta ce a faɗa maka hannunta har yanzu ciwo yake, ka zo mata da man zafi. Inna ba ta ce in gaishe ka ba, nauyinka take ji. Amma tun da na zauna rubutun nan ta leƙo ta tambaye ni kwana nawa takarda ke yi kafin ta kai Fatakwal, da kwana nawa take yi kafin ta dawo.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Mati.