Salatif a Littafin Maigida

Assalamu alaikum Yaya Sale,

Ina gajiya? Ya jikin Inna, ya Anti Rabi da yara? Ya koyarwa? Ni lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, yana sayar da tsofaffin littattafan zane-zane a shagonsa da ke unguwar Ulaya. Idan ya samu mai daraja, sai ya aika wa wani kamfani a ƙasar waje, su ƙare masa kallo, su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin roba da ba a buɗewa. Kwanakin baya ina shirya kayan aikawa, na ga bangon ɗaya ya yage. Sai na yi yadda ka koya mana a gida, na liƙe shi tsaf da salatif.

Jiya littafin ya dawo da maki ƙasa-ƙasa. Mutumin nan ya yi ta zazzaga mini masifa gaban kwastomomi: "Wa ya aike ka? Yagewar ta fi gyaranka daraja!" Har ya ce sai ya yi tunani kafin ya sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama.

Wallahi Yaya, abin ya gundure ni. Manya da gemunsu suna shafa roba, babu mai karanta ko shafi ɗaya, alhali ɗalibanka su biyar ke leƙa littafi guda.

Ku sa ni a addu'a kan iƙamar nan. A gaida Kawu Isa. Ragowar salatif ɗin zan aiko maka, tunda a wurinku ba laifi ba ne.

Ƙaninka,
Habibu