Kujerar da Ke Bubbuga Baya

Zuwa ga Baba,
Ƙofar Wambai, Bauchi.

Assalamu alaikum. Baba, ya ƙarfin jiki? Ya Inna da ciwon ƙafar tata? A gaishe mini da Yaya Sabitu da duk mutanen gida.

Ina nan lafiya a Turkiyya, karatu na tafiya. Ka tambaye ni irin aikin da nake yi. Mota ce a cikin ɗaki, ba ta da taya, da ita ake koyon tuƙi. Allo ne a gaba yake nuna titi. Ido na ganin gudu, jiki kuwa yana zaune, sai jiri da tashin zuciya su kama mutum.

Na tuna lokacin da kake kai mu Jos, in zuciyata ta tashi Inna takan bubbuga mini baya har in ji sauƙi. Shi ne na sa ƙananan na'urori a kujerar, suna girgiza bayan mutum duk sa'ad da motar ta sha kwana. Mutum ashirin suka gwada, goma sha biyar suka sauka garau. Malamata ta ce, "Zinariya, wannan ya yi."

Gaskiya a kaina na fara gwajin. Na yi mako uku ina amai, har na ɗan rame. Ya wuce, kada Inna ta ji.

Ranar Laraba zan kare aikin a gaban malamai biyar. Ba na jin tsoro, addu'arka kawai nake nema. Kuma kada ka bari Yaya ya sayar da tsohuwar motarka. In na dawo ni zan tuƙa ka zuwa madatsar ruwan Gubi, kai kuma ka zauna a baya ka huta.

'Yarka,
Zinariya