Ranar da Maiwada Ya Fito Daga Ruwa

Argungu, ranar Talata.

Zuwa ga amaryata, jikata Nazifa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da babanki da duk mutanen Gesse. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa.

Uwarki ta ce tun ranar da na taho kin daina wasan naku na tebur, wanda kike jan labari, abokan karatunki kowa ya zama mutum guda a ciki, ƙwayar lido ta yanke abin da zai faru. Ban ce na kyauta da na buga sanda a tebur gaban baƙinki ba. Amma ke ma ba ki gaya mani labarin ƙanena Maiwada za ki sa ba. Na ba ki shi yadda ya faru: ruwa ya ja shi shekarar babbar ambaliya, na faɗa bayansa, na fito ni kaɗai. Sai ga abokinki Abbas, da ya zama ni, ya ƙi shiga ruwa, ya jefa masa goran masunta, ƙwaya ta ba da shida, kika ce Maiwada ya fito. Mi kike so in yi?

Kada ki daina saboda ni. Jikoki goma sha ɗaya gare ni, ke kaɗai ke tambayata labarin da.

Kakanki, Ummaru. Tamba tela ya rubuta mani.

Argungu, ranar Lahadi.

Amarya,

Ina gaisuwa, yaya karatu? Na ji shiru.

Jiya na je bakin gulbi da gora, na jefa shi daga inda na tsaya waccan shekara. Ya kai har inda ruwa ya ja Maiwada. Na daɗe zaune. Shekara hamsin ina ba da labarin nan, ban taɓa barin kowa ya sa baki ba, shi ya sa ban san akwai wata hanya ba. Ban yi kuka ba, in Tamba ya ce na yi, ƙarya ce.

To ga shawara. In kina jan labari, kada ki riƙe ƙarshensa a hannunki kamar ni. Ki kai abokan wasanki bakin ruwa, su ji sanyinsa da ƙarnin kifi, sannan ki yi shiru su zaɓa. Yarinyar nan Ummu Hani da ba ta magana, ki riƙa kiran sunanta kina tambayarta, na ga tana da dabara. Amma ki gyara abin da na ji a wasanku: ba a kama giwan ruwa da hannu ɗaya, ko ƙwaya ta ba da shida sau goma. Wanga ban yarda ba.

Ki tara su ranar Asabar, ina tafe. Ki ba Abbas haƙuri, ki kuma ajiye mani kujera. Maiwada zan zama. Tun da kun fitar da shi, ina son in ga abin da zai yi da sauran kwanansa.

Allah ya yi maki albarka. Ki gaida kowa.

Angonki tsoho,
Ummaru.