'Yar-naci a Fili na Uku

Litinin, 3 ga Yuni
'Yar-naci ta sake fitowa a fili na uku. Sunan da muka laƙa wa muguwar ciyawar nan ke nan, mai farin fure, wadda in akuya ta ci sai cikinta ya kumbura. Filin tsohon ramin ma'adinai ne da aka cike, muka shuka ciyawar kiwo don a mayar wa makiyaya. Injiniya, shugabanmu a kamfani, ya kira ni ofis: sufeto mai duba filayen zai zo ran 15 ga Yuli, in ya ga ko tushe ɗaya, kamfani zai sallami mata tara masu tuge ciyawa da ke ƙarƙashina ya kawo masu feshin magani. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta kai ga haka ba." Na fito na nufi filin.

Alhamis, 6 ga Yuni
Buhu arba'in muka tuge, har saiwa, muka ƙone. Bayana kamar ba nawa ba.

Talata, 11 ga Yuni
Ta dawo! Wallahi direbobin tifa ne, su ke kwaso irinta a taɓon taya. Ni da kaina na sa aka gina wurin wankin taya a bakin ƙofa bara, amma ina, malalatan banza. Na tare babbansu, Baba Direba, na zazzage masa gaban kowa. Bai ce komai ba sai, "'Yata, muna wankewa." To aljanu ke shuka ta?

Laraba, 12 ga Yuni
Baba Direba ya zo da safe. "'Yata, zo ki ga wani abu." Na bi shi ina hura hanci. Daga wurin wankin muka bi lambatu, ya ratsa ƙarƙashin wayar shinge, ya malala cikin fili na uku. Gefensa duka tsiron 'yar-naci, reras kamar an yafa. Ya ce, "Kin gani? Mu muna wankewa, ruwan yana kawo miki."

Wa ya ce a karkata lambatun nan cikin fili, wai kada ruwa ya tafi a banza? Ni. Shekara guda ina yi mata ban ruwa! Kunya kamar ƙasa ta tsage. Shi kaɗai ya sani, kuma bai ko ɗaga ido ya dube ni ba.

Asabar, 15 ga Yuni
Mun toshe lambatun, mun haƙa rami mai rariya, ruwan wanki ya tsaya can. Injiniya kuwa, ce masa na yi "gyara ne kawai".

Litinin, 1 ga Yuli
Mako biyu, tsiro goma sha ɗaya kacal! Uwar Tagwaye, wadda a cikin matana ta fi kowa tsoron sallama, ta ɗaga na ƙarshen sama tana rawa da fartanya a kafaɗa. "Ke 'yar-naci, yau kin gamu da wadda ta fi ki naci!" Na yi dariya har da hawaye.

Litinin, 15 ga Yuli
Sufeto ya zaga sau uku, har durƙusawa ya yi yana buɗa ciyawa da biro. Babu. Ya sa hannu. Matana tara suna nan daram, Alhamdulillahi!

Talata, 16 ga Yuli
Injiniya ya tara ma'aikata, ya ce basirata ce ta ceci filin duk da sakacin direbobi, kuma zai rubuta musu takardar gargaɗi. Aka fara tafi. Da na yi shiru da shi ke nan. Ban san abin da ya miƙar da ni ba, sai na ji bakina yana cewa direbobi ba su da laifi, lambatuna ne, Baba ne ya gano. Tafin ya mutu. Ba wai na yi laushi ba ne, ƙarya ce kawai ba na so.

Da aka watse Baba ya wuce ta gabana da makullin tifarsa a hannu. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Na yafe tun ran Larabar nan, 'yata."