Inna, Sabi'u Ya Fara Rufe Fuska

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa makwancinki ya fi ɗakinmu na Agege faɗi da sanyi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma magana ta cika mini ciki, kuma in ba ke ba ban san wa zan gaya wa ba.

Kin tafi soja na mulki. Yanzu farar hula ne a sama, an ce an samu 'yanci, ni dai tun da aka same shi hankalina bai kwanta ba. Kowace unguwa ta tara samarinta 'yan sintiri, Yarbawa da nasu, mu da namu. Cacar baki kaɗan a tasha, sai ki ji ana jan ƙofofin shaguna, ana gudu, ba wanda ya san mafari.

Maganar Sabi'u ce ta kawo ni. Autanki ya zama ƙato, har da gemu, yana okada, wato acaɓa, tsakanin nan da Iyana Ipaja. Wani abokin aikinsa ya ara masa kaset-kaset na wani shirin Turawa mai dogon zango, wai daga littattafan zane-zane aka ɗauko shi. Talabijin ɗinki tana shagona na ɗinki, to da an kawo wuta sai ya jingine mashin, ya zo ya haye buhun ƙyallaye, shi ke nan aikin ranar ya tashi.

Labarin wani mutum ne da ya fid da rai da 'yan sanda da alƙalai, sai ya samo baƙar hula mai rufe kai har wuya, ramukan ido kawai aka bari. Shi ne mai kamawa, shi ne mai shari'a, shi ne mai zartarwa. Garin nasu kullum duhu, kullum ruwan sama, ban taɓa ganin mutum biyu sun tsaya sun gaisa a cikinsa ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, abin yana da jan hankali. Ni mai yi wa Sabi'u faɗa na sha tsayar da keke ina kallo baki buɗe, har na taɓa yi wa wata mata kalmasa a karkace. Amma akwai abin da ya hana ni sakat. Duk wanda mai hular nan ya kashe, da ya faɗi an gama da shi. Ba a nuna wanda ya zo ya ɗauke shi, ba wanka, ba salla, ba uwa a kan tabarma ana yi mata gaisuwa. Na tambayi Sabi'u, waɗannan da yake zubarwa daga sama suka faɗo? Ya ce wai ban gane fim ba, ai mugaye ne. Na ce wa ya gaya wa mai hular mugaye ne? Ya ce ai shi ya sani. Wallahi Inna, wannan "shi ya sani" ɗin ita take tsorata ni.

Ƙawarki Iya Risi tana nan a ɗakin bakin ƙofa, har yanzu tana tuyar ƙosai a tsakar gida. Ran nan ta leƙo shagon, ta ga mai hular, ta ja da baya. Ta ce a garinsu da mutum ya shiga rigar egungun, wato dodonsu na gargajiya, ko uwarsa ba ta da ikon kiran sunansa, ya tashi daga ɗan kowa. Ta yi tsaki ta koma wajen kaskonta, Sabi'u kuwa har da riƙe ciki don dariya.

Kin tuna yadda kike hana mu fita da safe sai mun bi ɗaki-ɗaki mun gaida mutanen gida, da Hausa da Yarbanci? Sabi'u yana kumbura baki, ke kuma kina tura ƙeyarsa kina cewa, "Je ka nuna musu fuskarka. Nan Ikko ne, ranar tsiya wanda ya san fuskarka shi zai tsaya maka."

Bara muka ga gaskiyarki. Da rikici ya tashi, samari da adduna suka shigo layinmu suna neman Hausawa. Iya Risi ta ɗaure zaninta tamau, ta tsaya a ƙofa, ta riƙe Sabi'u a wuyan hannu tana cewa, "Omo mi ni, ɗana ne!" Ɗanta Lukman direban motar haya ta danfo yana tsaye a bayanta. Cikin masu addunan akwai wanda Sabi'u ya sha ɗauka a mashin. Suka haɗa ido, mutumin ya sunkuyar da kai, suka wuce.

Ni na ɗauki abin a rahamar Allah. Shi kuwa abin da ya riƙe daban, wai tsohuwa ce ta ɓoye shi kamar ɗan tsako. Tun daga nan ya shiga 'yan sintirinmu. Kwanaki sai ga shi da baƙin yadi, wai in ɗinka musu hula irin ta cikin fim, shi da abokansa. Na ce allurata ba za ta taɓa yadin nan ba. Ya ce, "Yaya, ai teloli ba su ƙare a Legas ba." Ya kwashi abinsa ya fita.

Makon jiya da rana tsaka aka sake yin gudun nan. Muka shige gida aka sa sakata. Muna tsaye cirko-cirko a tsakar gida sai wani mai baƙar hula ya diro ta katangar baya da gora a hannu. Mata suka sa ihu. Lukman ya wawuri ƙarfen kwance taya. Iya Risi kuwa, Inna, hannun nan da ya riƙe Sabi'u bara, shi ya sungumi kaskon mai yana tafasa.

Rigar na gane. Ni na ɗinka masa ita da salla, shuɗin zare ya ƙare mini, na ƙarasa aljihun da kore. Ban san ina da murya haka ba sai da na ji kaina ina kururuwa, Sabi'u ne, Sabi'u ne! Ya fizge hular, gumi sharkaf, yana haki, wai gadin gidan ya zo yi.

Iya Risi ta dire kaskon, mai ya fantsamar mata a ƙafa, ba ta ma ji ba. Ta zube a ƙasa tana kuka, tana kiran sunanki, tana cewa me za ta gaya miki ranar da kuka haɗu.

Na ɗauka zai jefa hular a murhu. Ya durƙusa dai, ya ba Iya haƙuri da Yarbancin da kika koya masa, sannan ya ninke ta ya cusa a aljihun nan mai koren zare. Kaset ɗin na mayar wa mai shi, sai dai hular tana nan.

Ina jin tsoro, Inna, tsoron da ban ji ba ko ranar masu adduna. Koren zaren nan ni kaɗai na san shi a duk faɗin Legas, kuma ba kullum zan kasance a tsakar gida ba. Ke ce mai tura ƙeyarsa ya tafi. Ni in na yi magana sai ya ce Yaya ba ta gane ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da aljanna. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, ya warkar da ƙafar Iya Risi. Ya Allah, duk ranar da wani zai ɗaga wa Sabi'u hannu, ka sa fuskarsa a buɗe take, kuma mai ɗaga hannun ya san ta.

'Yarki mai kewarki,
Saratu
Agege