Bargon Baba Mai Buɗaɗɗen Gefe

Diffa, watan Disamba

Zuwa ga Yaya Ishaƙ,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Ramla da yara, da duk mutanen Damagaram. Mu nan sai godiyar Allah, sai dai ɗari ya shigo da ƙarfinsa.

Baba ya koma Gueskérou gadin shanyar tattasai. Na yi magiya har bakina ya gaji, ya ce tun kafin a haife ni yake kwana bakin kogin Komadugu. Ka san shi da taurin kai! Ga tarin nan bai sake shi ba.

Na je kasuwa neman abin da ka ce, bargon nan mai kamar buhu da ma'aikatan agaji ke shiga ciki su ja zif. Guda biyu na tarar wajen Lawali mai gwanjo. Ɗaya mai kauri ne, har da hula, hannu kawai na sa ciki na ji ɗumi. Amma zif ɗinsa na cijewa, sai da Lawali ya yi ta kokawa da shi kafin ya buɗe. Yaya, kai ka daɗe da barin nan. Mutanen bakin kogi da takalmansu suke kwana, in aka ji harbi ba a tsayawa neman komai. Tsoho kamar Baba ya tsaya faɗa da zif? Haba!

Sai na ɗauki ɗayan, marar nauyi, wanda gefensa ke buɗewa da ja ɗaya. Lawali ya ce ba zai tare raɓar kogi ba, na ce na ji. Da sanyi da mutanen daji masu kawo hari, ai gara sanyi. Baba ya gwada shi a tsakar gida yana dariya, wai na mai da shi buhun tattasai.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Jannatu

Diffa, watan Fabrairu

Yaya Ishaƙ,

Sallama da gaisuwa. Ya kuka isa gida, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ranar da ka zo, gida cike yake da masu ta'aziyya, ban samu na gaya maka ba. Da aka aiko cewa tarin ya sauka ƙirjinsa, kafin in nemi mota sai da na ruga wajen Lawali na sayo mai kaurin. Da shi na lulluɓe Baba a hanyar kawo shi likita. Ya shafa shi, ya ce wannan kam akwai ɗumi. Ban ƙara jin wata magana mai tsawo daga bakinsa ba.

Kowa na ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, wallahi na yarda. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Jiya maƙwabcin gonarsa ya kawo mana tattasan da wancan bargon a naɗe. Na tambaye shi yadda aka yi da tashin hankali bana. Ya ce alhamdu lillahi, tun da aka fara shanya har aka kwashe, ko sau ɗaya ba wanda ya gudu.

Ka sa ni cikin addu'a, Yaya.

Taka,
Jannatu